Darasi na 6: Yadda za ka sa bindigar ɗuri ta riƙa faɗawa wuri guda

Ƴan uwa, darasin yau kan bindigar da ake ɗurawa ta baki ne, amma ba adaka irin ta maƙeranmu ba, wadda wasu ke ce ma harba-ruga. Ana maganar wadda masana'antu ke ƙerawa yanzu da siffar ta zamanin da, kamar na kamfanin Pedersoli da ke Italiya. Bambancin yana cikin bututu. Na adaka sumul yake, ita ko wagga in ka haska cikinta za ka ga an yi mata zane a murɗe tun daga gindi har baki, shi ke sa dalma ta fita tana juyawa, juyawar nan ce ke riƙe ta ta tafi sak. Kuma tun kafin mu yi nisa, sai da takardar izinin hukuma ake riƙe bindiga, balle yanzu da sha'anin tsaro ya zama abin da ya zama a jihar Maradi.

Abin da ke ɓata ma mutane harbi ba ido ba ne yawanci, ɗuri ne. Yau ka zuba albarushi da tafin hannu, gobe ka ƙara kaɗan don kana jin ƙarfi, to ta yaya za ta faɗa inda ta faɗa jiya? Mai sayar da gero a kasuwa tiya guda gare shi, haka za ka yi da ma'aunin albarushi, ka cika ka shafe, kullum iri ɗaya. Ana auna shi da giren, giram 1 ya kai wajen giren 15. Bindiga mai lamba .50, wato faɗin raminta milimita 12.7, akan fara ta da giren 50, a yi harbi 3 ko 5 a takarda daga mita 25, sannan a ƙara giren 5 a sake gwadawa. Za ka ga ramukan suna matsowa kusa da juna, in ka wuce wani wuri kuma su fara watsewa. To inda suka fi haɗuwa nan ne ma'aunin bindigarka, ka rubuta a kaye. Kar ka wuce iyakar da masu ƙera ta suka rubuta, kuma lissafin nan ba na adakar da aka yi da bututun ruwa ba ne, ita ba wanda ya gwada ƙarfinta.

Mu nan mun saba da ƴan bindigar hawan sallah, wanda tasa ta fi ƙara da hayaƙi shi ne gwani. Wannan wasa ne na burgewa, a wurin saiti yawan albarushi ba ya ƙara komi sai dukan kafaɗa da datti.

Sai dalma da ƙyalle, nan ne aikin yake. Dunƙulen dalma yakan ɗan gaza ramin bututu, ga .50 ana amfani da mai lamba .490, sai a naɗe shi da ƙyallen auduga mai kaurin wajen milimita 0.4. Ƙyallen ne ke shiga cikin zanen nan ya kama, shi ke toshe hayaƙi kar ya wuce ta gefe. Auduga zalla fa, yadin roba narkewa yake. A shafa mashi kitse ko man kaɗe, ba man inji ba, don man inji in ya haɗu da tokar albarushi sai ya zama wani baƙin abu mai tauri da wuyar fita. Bayan ka harba ka taka gaba kaɗan ka duba ƙasa, za ka tsinci ƙyallen. In ka gan shi lafiya lau da baƙin zobe a tsakiya, alhamdu lillahi. In ya ƙone ko ya huje ko ya yage, to ya yi siriri ko mai bai ishe shi ba, kuma wallahi ko ka kwana kana saiti ba za ta yi daidai ba sai ka canza shi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ka canza ƙyalle da albarushi tare ba za ka san wanne ya gyara ba.

Wajen turawa, ka danna dalma da sandar ɗuri har ta zauna kan albarushi daram, da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci, ba a dakanta. Ka yi alama a jikin sandar daidai bakin bindiga, duk ranar da alamar ba ta iso ba ka san dalma ta maƙale a hanya, kuma in aka harba da fili tsakaninta da albarushi bututu na iya kumbura ko ya fashe.

Baƙin albarushi, wanda shi ake ɗura ma irin wagga bindiga, ba ya ƙonewa duka, kusan rabinsa toka yake zama, shi ya sa harbi na biyar ba ya shiga kamar na farko. Ka riƙa goge ciki da ƙyalle mai ɗan damshi, ka bi da busasshe, bayan kowane harbi. Lokacin hunturu tokar saurin bushewa take ta yi tauri, da damina kuma albarushin ne ke shan raɓa, sai a rufe gwangwaninsa da kyau. In an gama, ruwan zafi da sabulu a ranar, a busar a shafa mai, don tokar na jawo tsatsa cikin dare ɗaya.

Gwajin saiti a zaune ake yi, a ɗora bindiga kan buhun rairayi. Ka ja kunama a hankali, kuma kar ka ɗaga kai da ka ji ta tashi, irin wagga bindiga tana da ɗan jinkiri tsakanin ja da fitar dalma. Sai ramuka sun haɗu wuri guda sannan ake taɓa saiti, wato ƴan ƙarafan nan biyu na bisa bututu da ake auna abu da su, na baya ana matsar da shi ɓangaren da kake son dalma ta koma.

Waɗannan kuma ba wasa. Ba a zuba albarushin harsashin zamani a cikinta ko kaɗan, fasa ta yake. Ba a zuba daga gwangwani kai tsaye cikin bututu, sai ta ma'auni, saboda ragowar wuta. Ba taba sigari a wurin, ba leƙa bakin bindiga. In ka ja ba ta tashi ba, ka bar bakinta na kallon gaba aƙalla minti 1.

Aikin gida: Malam ya fara da giren 50, ya ƙara giren 5 har sau 4, giren nawa ke nan? Sannan ka rubuta da hannunka abu 2 da ƙonannen ƙyalle ke nunawa, ka zo da shi ranar darasi na gaba.