Yadda ake gwada gubar sinadarin masana'anta a kan kifi cikin awa 96

Ɗalibai sun yi ta tambayata wannan, musamman masu bincike kan ruwan majemu na Challawa a Kano. Ga matakan, bisa ƙa'ida mai lamba 203 ta OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba.

1. Samo ƙananan kifi iri ɗaya, masu girma ɗaya. A nan galibi tarwaɗa ake ɗauka.
2. Bar su su saba da ruwan ɗakin gwaji, aƙalla kwana 9.
3. Daina ba su abinci awa 24 kafin farawa.
4. Haɗa sinadarin a ƙarfi 5 daban-daban, kowane da tankinsa.
5. Ware tanki ɗaya na ruwa zalla, ba sinadari, don kwatantawa.
6. Zuba kifi aƙalla 7 a kowane tanki.
7. Auna oksijin kullum.

Hattara: nan ake tafka kuskure. Idan oksijin ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100 na iyakar abin da ruwan zai iya ɗauka, rashin iska zai iya kashe kifin, a ɗora wa sinadari laifi.

8. Ƙirga matattu a awa 24, 48, 72 da 96. Taɓa gindin wutsiya. In bai motsa ba, kuma ba ya numfashi, ya mutu.
9. Tsame mataccen nan take.
10. Lissafa ƙarfin da ya kashe rabi, wato LC50.

In fiye da kifi ɗaya ya mutu a tankin ruwa zalla, sake gwajin.