Magen da ba taka ba ta addabe ka? Ga kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda mage ta addaba kukansa ɗaya ne: ta hana ni barci, ta yi min kashi a cikin shuka, ta kifar da kwandon shara, gida duk zarni, ya zan yi in rabu da ita. Shawarar da ake ba shi ma ba ta wuce biyu, ko a ce saka mata magani ko a ce zuba ta a buhu ka kai ta nesa. Dukansu zalunci ne, kuma abin haushin ma shi ne ba sa aiki, bayan ɗan lokaci zaka ga mutumin nan ya dawo yana cewa wai wata ta sake zuwa. To ai dole ta zo malam.

Mage ba ta zuwa gidanka don ta tsane ka. Abu uku ne ke kawo ta, abinci, wurin ɓuya, sai barbara. In dai ukun nan suna nan, ko ka kawar da wannan, gurbi kawai ka buɗe wa wata. An gwada abin a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, masu bincike suka yi wata 13 suna kama magunan daji suna kashewa a wasu wurare, da aka zo ƙirga sai aka ga yawansu ƙaruwa ma ya yi, don manyan da suke tsare wurin sun tafi, na gefe sun samu ƙofa sun shigo. In masu tarko da kyamara da kuɗin bincike haka ta kaya musu, kai da kwanon guba ɗaya me kake tsammani?

Kafin komai ma, mutane da yawa ba sa tsayawa su duba ko tana da mai ita. Wadda jikinta ke sheƙi, tana zuwa ta goga jikinta a ƙafarka tana kuka kamar tana maka magana, yawanci ta wani ce, yawo kawai ta fito. Tambayi maƙwabta, ko ka ɗaura mata ƴar takarda a wuya wadda za ta yage da sauƙi in ta maƙale, ka rubuta cewa mai wannan magen ya neme ka. Wadda ta tashi a waje kuwa ba za ta bari ka matso ba, ba ta yi wa mutum kuka, sai dare take fitowa.

Yanzu maganar guba, kuma a nan a yi haƙuri da ni don ba zan iya yinta da sanyin murya ba. A da ina da mage tawa ta gida, lafiyayya, mai allurarta, ba ta taɓa shiga harkar kowa ba. Wani maƙwabci muzurun waje ya dame shi, sai ya barbaɗa maganin ɓera a kan ragowar abinci ya ajiye bayan katanga. Muzurun nan yana nan da ransa har ya gaji ya bar unguwar don kansa, tawa ce ta ci. Kuma irin maganin nan mai hana jini daskarewa ba nan take yake kisa ba, sai an yi kwana uku zuwa biyar kafin ka ga alama, dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari fat, numfashi ya dinga yi mata wuya saboda jini yana zuba a cikinta kai ba ka gani. Lokacin da na gane abin da ake ciki an makara. Mutumin ya zo yana ba ni haƙuri wai wallahi ba ita ya nufa ba. Haba bawan Allah, ita gubar ka gaya mata wa ka nufa? Abin da ka ajiye a buɗe kare zai ci, tsuntsu zai ci, yaro mai rarrafe zai kai baki, kuma duk abin da ya ci gawar wanda ya mutu shi ma zai iya ɗauka. A ƙasashe da yawa ma laifi ne da doka ke hukuntawa. In ka yi zargin wata dabba ta ci irin wannan, kar ka tsaya jiran alama, ɗauki kwalin maganin ka tafi da ita wurin likitan dabbobi, akwai bitamin K1 da ake bayarwa kuma yana ceto in an zo da wuri.

Akwai kuma masu kisa da tausayi, su ga mage ba lafiya su murƙushe mata parasitamol a ruwa. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, hantar mage ba ta iya sarrafa shi irin tamu. Haka maganin ƙuma na kare mai sinadarin famitirin, a shafa wa mage sai ta kama karkarwa da farfaɗiya. Dan Allah a daina yi wa mage likitanci da abin da ke cikin durowa.

Sai buhu. Wannan kam da hannuna na yi shi, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Wata mage ce ta matsa da shiga silin ɗina, dare ya yi ka ji kamar ana jan kaya a sama, na samu dabara na kama ta, na kai ta can nesa na saki, na dawo na toshe ramin da take bi ina ta yabon kaina. Ashe haihuwa ta yi a ciki. Daren farko na ji ƙaramin kuka sama-sama na ce kunnena ne, kafin in yarda da abin da nake ji in nemo mai fasa silin, kukan ya ɗauke. Abin da ya biyo baya wari ne da ƙudaje da kuɗin gyara, amma wallahi ba kuɗin ne ya tsaya min a rai ba. Ƴaƴan mage da ba su kai sati huɗu ba ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, sababbin haihuwa duk awa biyu zuwa uku suke shan nono, ko fitsari ba sa iya yi sai uwar ta lashe su. Ka ɗauke uwar, ka yanke musu hukunci kenan.

Ita kanta uwar ba gata ka yi mata ba. Mage dabba ce mai riƙe wuri, in ka jefar da ita inda ba ta sani ba, ba ta san inda ruwa yake ba, magunan wurin za su yi ta korarta, ita kuma hankalinta na kan komawa gida, a hanyar ne mota ke bi ta kansu ko yunwa ta gama da su. Wasu kuma su iso, ka buɗe ƙofa da safe ka ganta zaune. Masu ilimin abin, in dole sai an canza wa mage wuri, tsare ta suke yi a keji babba a sabon wurin sati biyu zuwa huɗu ana ciyar da ita har ta saba, kuma sai an samu wanda ya yarda zai karɓa. Kai kuwa ka kwance bakin buhu a gefen titi ka ja mota, ka dawo kana cewa ai ni ban kashe ta ba.

Abin da nake yi yanzu, duk magen da na ga tana yawan shiga wani lungu tana fita, sai na leƙa cikinta tukuna. In nonuwan sun kumbura gashin gefensu ya zube, tana shayarwa, ba na toshe komai. Nakan bari sai ƴaƴan sun fara fitowa da ƙafarsu suna cin abinci, wajen sati shida zuwa takwas, sannan in na zo toshewa sai in cusa takarda a bakin ramin in bar ta kwana biyu, in ba a ture ta ba to babu kowa ciki. Kuma in ka tsinci ƴan jarirai su kaɗai kar ka yi saurin kwashewa wai uwarsu ta gudu, yawanci neman abinci ta tafi, ko tana laɓe tana jira ka matsa. Ja da baya ka ba su wasu awanni, sai dai in ka ga sun yi sanyi ko suna cikin hatsari.

Ƙananan kurakurai kuma ga su nan birjik. Wanke fitsarin muzuru da bilic ko abin wanki mai ammoniya, ai kiransa kake yi ya zo ya ƙara, ni ruwan khal nake haɗawa da ruwa in jiƙa wurin sosai, in ya bushe in barbaɗa bekin soda, in kuma akwai maganin wanki da aka yi musamman don fitsarin dabba ya fi. Zuba kafur a cikin shuka guba ne gare ta da yara. Garin barkono yana shiga ido, mugunta ce kawai. Ruwan zafi da jifa da dutse ba sai na ce komai ba, ruwan sanyi a gorar feshi ya ishe ta gudu. Madarar shanu gudawa take sa yawancinsu, ka ba ta don tausayi gobe ka zo kana zagin kashin da ta yi maka. Lokacin sanyi kuma ka ɗan bubbuga bonet kafin ka tada mota, suna shiga wajen inji neman ɗumi.

In kashi a shuka ne damuwarka, ƙasa mai laushi take nema ta tona, sai ka hana ta laushin. Ni raga ta waya nake shimfiɗawa a kan ƙasar in rufe da ƙasa kaɗan, ko in jera tsakuwa manya-manya. Ɓawon lemo yana ɗan taimakawa amma kwana kaɗan ƙamshin ya tafi, kar ka dogara da shi. Wajen kwashe kashin a sa safar hannu a kwashe kullum, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin saboda ƙwayar cutar toksoplasma da ke iya taɓa ɗan cikin. Kwandon shara kuma a samo mai murfi mai kamawa, don rabin masu kukan mage su ne ke ciyar da ita ba su sani ba.

Masu ciyarwa da gangan, ku ma zo nan. Ban ce tausayi laifi ne ba, amma ka dinga zuba abinci a ƙofa ba lokaci ba ƙa'ida kuma ba ka yi maganar fiɗiya ba, kai ne kake haɗa wa unguwa rigimar da za ta ƙare a kwanon guba. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin kwana 63 ne zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa ƴaƴa kamar huɗu. A tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu maguna biyar aka kai a 1949 don su kama ɓeraye, zuwa 1977 an kiyasta sun kai wajen 3,400. Ihun da ke hana ka barci ma yawancinsa na barbara ne, macen tana kiran maza kusan duk sati biyu zuwa uku in ba ta samu ciki ba, mazan kuma suna faɗa a kanta suna fesa fitsari a bango don shata iyaka. In an yi musu aiki, kiran ya tsaya, faɗan ya ragu, zarnin ma ya ragu sosai. Shi ya sa ƙungiyoyin kula da dabbobi a Ingila da Amurka da wasu wurare suka daɗe suna bin tsarin a kama, a yi fiɗiya, a yi allura, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Na san mayarwar ce ke yi wa mutane ciwo, ka ce na sha wahalar kamawa kuma in dawo da ita? Eh, dawo da ita. Guda ɗaya mai shiru wadda ba ta haihuwa tana tsare maka wurin, ta fi sababbi biyar masu ihu. Likita yakan ɗan yanke tsinin kunne ɗaya tana cikin maganin barci, yawanci na hagu, don in ka ga mage mai irin wannan kunnen ka san an riga an yi mata, kar a sake wahalar da ita. In zaka ciyar kuma, lokaci ɗaya a rana, da rana, bayan rabin awa ka ɗauke kwanon.

Wajen kamun ma ana tafka shirme. Sai mutum ya ɗana tarko bai yi magana da likita ba, mage ta shiga, shi kuma ya fara tunanin ina zan kai ta, ta wuni a rana ba ruwa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, kowa ya san shi, amma in an zo kan tarko sai a manta. Fara tsayar da rana da likitan dabbobi ko masu kula da dabbobin yankinku, su ne ma sukan ba da aron tarkon keji mai rufe kansa. Ka saba mata da cin abinci a wurin, ka hana ta na kwana ɗaya kafin ranar don yunwa ta shigar da ita, kana kusa kana kallo, tana shiga ka lulluɓe kejin da tsohon tawul, duhun yana kwantar mata da hankali ta daina dukan ƙarfe da fuska. Bayan aiki namiji kwana ɗaya ya isa a sake shi in ya farfaɗo sosai, mace a ɗan ƙara mata yadda likita ya ce.

Kuma kar ka kuskura ka ce da hannu zaka damƙe ta, ko da tana da fuskar salihai. Haƙorin mage siriri ne, yana shiga can ciki ya rufe da ƙwayoyin cuta, hannu na iya kumbura cikin kwana ɗaya. Ciwon haukan kare ma ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba, mage na ɗauka, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. In ta cije ka ko ta yakushe ka har jini ya fito, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, ka duba agogo don ya fi yadda kake zato tsawo, sannan ka wuce asibiti a ranar, ka gaya musu magen waje ce ba ka san tarihin allurarta ba.