Inda ɗalibanmu ke zubar da maki a jarrabawar Bayoloji

Duk shekara idan WAEC da NECO suka ƙarato, nakan raba wa 'yan aji shida tsofaffin tambayoyi su gwada. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yarinyar da ta yi mini bayanin zagayawar jini da Hausa tiryan-tiryan a aji, sai in duba takardarta in ga ta faɗi a wannan tambayar. Karatun yana kanta. Amsa ta ba tambayar da ta haddace, ta bar wadda ke gabanta.

Wani ɓangare na matsalar daga yadda muke kiran abubuwa a gida yake. Mun saba cewa "zazzaɓin cizon sauro", don haka da an tambayi abin da ke haddasa maleriya sai yaro ya rubuta sauro, hankalinsa kwance. Sauro ɗan aike ne kawai. Ƙwayar Plasmodium ce ke sa ciwon, macen sauro nau'in Anopheles ce ke ɗauko ta daga jinin wani ta kai wa wani. In tambaya ta ce "causative organism", ƙwayar ake nema. In ta ce "vector", sauron ake so.

Haka kalmar jijiya. Mu a wurinmu ta jini jijiya ce, ta saƙon ƙwaƙwalwa ma jijiya ce, har wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Mai jarrabawa kuwa kowacce da sunanta. Daga nan sai yara su haddace cewa "artery" ita ce mai ɗauke da jini mai iskar oksijin, kuma nan tarkon yake: wadda ke kai jini daga zuciya zuwa huhu "artery" ce, amma jininta ya yi ƙarancin oksijin, nemansa ma zai je yi. Ku riƙe alkibla. Duk wadda ta fita da jini daga zuciya "artery" ce, wadda ta dawo da shi "vein". Numfashi ma haka: shaƙa da fitar da iska daban, "respiration" daban, domin shi a cikin ƙwayoyin jiki ake yin sa, inda ake sarrafa sukari a fitar da kuzari. Tsirrai ma suna yin sa dare da rana.

A takardar zaɓi kuma, kalmomin "except" da "not" sun kayar da yara da yawa. Ka ja layi ƙarƙashinsu kafin ka kalli A zuwa D.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta sikila, saboda ba a ɗakin jarrabawa ta tsaya ba. Miji AS, mata AS, an ce ɗaya bisa huɗu ne yiwuwar haifar SS. Sai ɗalibi ya fahimta cewa in an haifi yara huɗu, ɗaya ne tak zai zo da ciwon, ko kuma in na fari ya zo SS sauran ukun sun tsira. Wallahi na ji manya ma suna faɗin haka. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kashi 25 cikin 100, kamar ka jefa kwabo sau huɗu kana iya samun fuska ɗaya duka. Gida ɗaya na iya samun SS uku a jere, wani gidan bai samu ko ɗaya ba. Wajen amsawa kuma kada ka yi tsalle zuwa sakamako. Rubuta iyaye AS × AS, ware A da S na kowannensu, haɗa su ka fito da AA, AS, AS, SS, sannan ka faɗi 1:2:1. Matakan nan suna da makinsu, wanda ya rubuta amsar ƙarshe kaɗai ya yi wa kansa asara.

Ranar firatikal, zana abin da aka ajiye maka a kan tebur. Na taɓa ba yara fara wadda ƙafarta ɗaya ta karye, kusan dukansu suka zano mini ta littafi mai ƙafa shida cif. Fensir mai tsini, layi ɗaya mai tsabta, ba shafe-shafen inuwa. A ja layukan suna da rula kada su haye juna, a sa kan magana, a bi tsawon da tambaya ta ƙayyade. Girman zane kuwa, tsawon zanenka za ka raba da tsawon ainihin abin: fara mai santimita 5 ka zana ta 10, sai ka rubuta ×2.

Sunan kimiyya da hannu, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, kowacce a ja mata layinta daban. Masara Zea mays ce, gyaɗa Arachis hypogaea. Ku rubuta su sau goma a daren yau har hannu ya saba, don harafi ɗaya in ya kauce makin ya tafi.