Katin biki a Ingila: sunan da ke bayan ambulan shi ke da kujera

A shekarata ta farko a Manchesta wata abokiyar aikina ta miƙo min ɗan kati da bai wuce tafin hannu ba, da hotonta da na angonta da kwanan wata. Babu lokaci, babu sunan zauren biki. Na juya gaba da baya, na ce a raina mai buga katin ya yi mantuwa. Ashe ba shi ne gayyatar ba. Shi suke kira "Save the date", wato ka killace ranar, kada ka sa wata hidima. Yakan zo wata shida zuwa shekara kafin biki, ainihin katin kuwa sai ana saura wata biyu ko uku.

Mu a gida kati sanarwa ce. A raba a masallaci da kasuwa tare da goro da alawa, wanda bai samu ba ya ji a bakin wani ya zo, ba mai tambayarsa me ya kawo shi. A nan kati ƙidaya ce. Masu zauren kuɗin kowane kai suke karɓa, faranti da kujera duk a ƙirge suke. Don haka kafin ka buɗe ambulan, karanta bayansa. In sunanka kaɗai aka rubuta, kai kaɗai ake nufi. In an ƙara "and guest", kana da izinin mutum ɗaya. Yara kuwa, in ba a ambace su ba kuma ba a ce "and family", wato da iyali, ba, nemi mai zama da su a gida.

Ni ban san haka ba. Ƙanena ya zo hutu, na ga ai bai kamata in bar shi a ɗaki ba, muka sha manyan kaya muka tafi. A bakin ƙofa akwai allo da ke nuna teburin kowa, a gaban kowane faranti kuma ga ɗan kati a naɗe da sunan mai wurin. Nawa yana nan. Nasa babu. Uwar amarya da kanta ta sa aka janyo kujera daga wani ɗaki, tana murmushi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

A cikin ambulan za ka tarar da katin amsa mai harafin RSVP. A gida mun saba ganinsa a ƙasan kati da lambobin wayar abokan ango, har ana barkwanci cewa ma'anarsa shinkafa da miya sun wadata. Asalinsa Faransanci ne, yana cewa don Allah ka ba da amsa, kuma a nan da gaske ake yi. Akwai ranar ƙarshe. Wasu suna haɗowa da ƙaramin ambulan mai kan sarki a manne, wasu adireshin intanet. Ko ba za ka je ba, ka amsa. "In Allah Ya yarda zan duba" ba ta shiga lissafin mai girki.

A katin ne kuma ake tambayar abin da ba ka ci. Rubuta halal ƙarara, in ba za a samu ba zaɓi kifi ko abincin ganye, ka kuma ce ba ka shan giya, domin takan shiga har cikin miya da kayan zaƙi. Ba rashin kunya ba ne, don haka aka bar layin.

Duba kuma wace gayyata ce. Akwai ta yini duka, akwai ta dare kawai, wadda takan fara wajen bakwai ko bakwai da rabi. In ta dare aka ba ka, kada ka bayyana wurin ɗaurin aure. "Wedding breakfast" ba karin kumallo ba ne, babban abincin bayan ɗaurin aure ne, ko da ƙarfe huɗu na yamma. "Carriages at midnight" na nufin sha biyun dare an tashi. Babbar riga yawanci burge su take yi, amma tambaya ba ta ɓata komai, mata kuma su bar wa amarya farin kaya. Ba a liƙi. Akwai jerin kyaututtukan da suke so, ko akwatin da ake jefa kati da kuɗi a ciki.

In kuma bikinka ne, kada ka buga rana sai ka gama da ofishin rajistar aure. A Ingila da Wales ana ba da sanarwa aƙalla kwana 29 kafin ranar, kuma in ɗayanku yana kan biza ma'aikatar cikin gida tana iya tsawaita jiran zuwa kwana 70. Sanarwar tana ɗauke da sunan wurin, in an sauya wuri sai an sake ta. Ɗaurin aure a masallacin da ba shi da rajistar aure kuma ba ya wadatarwa a gaban doka.

Wajen aikawa, Royal Mail, wato gidan wayar Birtaniya, na ɗaukar wasiƙa a matsayin ƙarama in ba ta wuce santimita 24 da 16.5 ba, kauri milimita 5, nauyi giram 100. Ƙyale-ƙyalen kintinkiri da hatimin kakin zuma su ke tsallakar da ita zuwa babba, in kan sarkin bai kai ba kuma wanda ka gayyata za a caja. Kai guda ɗaya gidan waya a auna kafin ka manna sauran.

Mutanenmu kuwa, ka san halinmu. Rubuta da Hausa da Turanci, ka saka katin shiga irin wanda ake yi wa dina a Kano da Abuja, ka faɗi ƙarfe nawa za a rufe zauren. Su Hajiya da za su taso daga gida, kati ba ya zama biza. Ana iya neman bizar ziyara tun ana saura wata uku a yi tafiya, saboda haka nasu katin shi za ka fara turawa.