Yadda ake mayar da gida mai bashin banki zuwa sunanka

Ko ka sayi gidan a hannun abokin aiki da ya karɓi lamunin gida, ko yayanka ya ce ka ci gaba da biyan bashin gidan ya zama naka, takardar da kuka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu ba ta mayar da komai zuwa sunanka ba. A idon banki bashin na mai gidan ne, a idon gwamnati ma gidan nasa ne.

Fara da banki, kuma ku je tare da mai gidan. Ku nemi ragowar bashin a rubuce, har da kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a biya ragowar gaba ɗaya, banki ya rubuta takardar sakin jingina ya miƙo C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, ta asali da ke hannunsa, ko kuma ya amince ka ɗauki bashin bayan ya duba albashinka. Ta farko ta fi tsafta. Ka zuba kuɗin kai tsaye a asusun bashin, kada ka danƙa wa mai sayarwa a hannu ka ce ya je ya biya. Idan lamunin na asusun gidaje na ƙasa (NHF) ne da ke ƙarƙashin bankin lamunin gidaje na tarayya (FMBN), mai ruwan kashi 6 cikin ɗari a shekara, ka sani ana ba da shi ne ga masu zubi a asusun, don haka wannan sauƙin ba ya bin gida.

Kafin ka biya ko sisi, sa lauya ya yi bincike a ofishin rajistar filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A nan ake gano jingina ta biyu ko bashin harajin fili da ya taru.

Sai lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, ku sa hannu, a nemi amincewar gwamna, a Abuja kuwa ta minista. Nan ne mutane ke yin kasala saboda kuɗi da jira. Amma sashe na 22 na dokar amfani da ƙasa ta 1978 ya wajabta ta, sashe na 26 kuma ya soke duk cinikin da ba a yi bisa dokar ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar bankin Savannah a shari'arsa da wani mai suna Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Idan banki ma ya sha kaye a kanta, ina ga kai?

Bayan amincewa, a biya harajin kan sarki, a yi rajista. Idan ka ɗauki bashin ne, sabuwar jinginar da sunanka ita ma tana buƙatar amincewa da rajista.

Gidan gado kuwa, a fara samun takardar kotu kan rabon gado da sa hannun sauran magada, sannan a tambayi banki ko akwai inshorar rai a kan lamunin, domin tana iya biyan ragowar.