Yadda ake haɗa wasan rawar zamani da makaɗi da mai zane tun daga tushe

Yawancin masu tsara rawa sai sun gama komai tas, an ƙirga taku an haddace, sannan su ɗauki waya su kira makaɗi wai ya zo ya sa musu kiɗa, saura kwana biyu a hau dandamali kuma a nemo mai zane ya shafa fenti a labulen baya. Ana yi, wani lokacin ma ya fito da kyau, amma gaskiya wannan ɗaukar ɗan kwangila ne kawai. Abin da nake magana a kai shi ne wasan da mutum uku za su haifa tare, mai rawa da mai kiɗa da mai zane ko sassaƙa, ta yadda in ka cire hannun ɗaya wasan ya rushe. Ga yadda ake bi.

1. Ku zauna ku uku kafin a ɗaga ƙafa

Kar ka zo musu da labari cikakke mai farko da ƙarshe. Ka zo da abu ɗaya ƙarami da yake damunka, misali jiran mota a tasha, ko yadda jiki yake yi in an daɗe ana azumi, ko ƙurar hunturu, ka ajiye shi a tsakiya kowa ya faɗi me ya gani. Makaɗi zai ji wani sauti, mai zane zai ga wani launi ko wani abu da za a iya taɓawa, kai kuma motsi. In ka lura kai kaɗai kake magana su suna cewa "to, to, ba damuwa" to ba a fara ba tukuna.

Kuma ka zaɓi wanda aikinsa yake burge ka tun kafin ka san shi, ba wanda ya fi araha ko abokinka na unguwa ba.

2. Ku yanke wa zai bi wa

Nan ne wurin da ya fi komai muhimmanci kuma nan ake tsallakewa, shi ya sa rigima take tashi daga baya. Hanya uku ce sananniya, ku zaɓi ɗaya da baki, kowa ya ji.

Ta farko, kiɗa ya riga zuwa. Haka Martha Graham ta yi a Amurka da Aaron Copland a wasan Appalachian Spring na 1944, ta riƙa aika masa bayanin abin da take so a rubuce, ya rubuta kiɗan, ita kuma ta ɗora rawa a kai, Isamu Noguchi ya yi kayan dandamali. Abin da nake so ku lura da shi, ɗakin da aka fara nuna wasan a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ƙarami ne, wurin makaɗa ba zai ɗauki mutane da yawa ba, sai Copland ya rubuta wa kayan kiɗa 13 kacal, kuma da wannan kiɗan ya ci kyautar Pulitzer a 1945. Wato girman ɗaki ma yana da bakin magana a aikin.

Ta biyu, kowa ya kama gabansa. Wannan ta Merce Cunningham ce da makaɗi John Cage, sun kafa ƙungiyarsu a 1953 a kwalejin Black Mountain. Abin da suke yarjejeniya a kai kawai shi ne tsawon lokaci, a ce minti ashirin, shikenan. Masu rawa suna gwaji shiru babu kiɗa, Cunningham na riƙe da agogon ƙirga sakan, Cage yana can yana nasa, Robert Rauschenberg wanda ya yi musu zane da sutura da fitilu daga 1954 zuwa 1964 shi ma yana nasa, sau da yawa masu rawan ba sa jin kiɗan sai daren da aka buɗe wasan. Abin yana da ban sha'awa a ji, amma ni dai ban ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba. Mutanen nan sun yi shekaru tare, kowa ya san kan kowa, masu rawansu kuma an horar da su su riƙe lokaci a jikinsu ko da ana buga gwangwani a gefe. In ɗan rawanka ya saba sai ya ji ganga ƙafarsa take motsi, ranar wasa kiɗan zai ja shi ya watsar da abin da kuka tsara.

Ta uku, kowa a ɗaki ɗaya ana ginawa tare. Wannan ta fi kusa da abin da muka sani, don duk wanda ya taɓa tsayawa wurin kalangu ya ga makaɗi idonsa na kan ƙafar mai rawa, ya matse tsarkiya ya saki, mai rawa ya amsa, har ka rasa wa yake jan wa. Ita nake ganin ta fi dacewa da aikin farko, sai dai tana cin lokaci kuma tana cin kuɗin mota da abinci, tunda kullum sai kowa ya zo.

3. Ku tsayar da minti da faɗin wuri a takarda

Minti nawa? A aikin farko 12 zuwa 20 ya isa, wallahi minti 20 a dandamali ba wasa ba ne. Ku je wurin da za a yi wasan da tef ɗin awo, faɗi nawa, zurfi nawa, tsayin rufi, faɗin ƙofa. Wannan na ƙofa kar ku raina shi, mai sassaƙa zai iya kwana arba'in yana haɗa abu mai kyau a shagonsa ranar kawowa ya ƙi shiga.

Ku duba ƙasa. Siminti yana cin gwiwa da idon sawu in ana tsalle a kai kullum. In babu daɓen katako mai ɗan lotsawa, ana shimfiɗa falankin katako a kan tsofaffin tayoyi ko soso mai tauri, ko kuma ku rungumi ƙasar yadda take ku tsara rawar da ta dace da ita. Makarantar Germaine Acogny, École des Sables da ke Toubab Dialaw a Senegal, wadda ta kafa a 1998, ɗaya daga wuraren gwajinta rairayi ne zalla, kuma masu rawa daga ko'ina a Afirka da wajenta suke zuwa koyo a can.

4. Mai zane ya kawo abin da za a taɓa, da wuri

Kuskuren da aka fi yi da masu zane shi ne a mayar da su masu ado. Hoto a bango bayan masu rawa, minti biyu ido ya gama da shi. Ka ce masa ya kawo abin da zai shiga hanyar ɗan rawa, ya tare shi ko ya ɗauke shi ko ya ɓoye shi.

Dubi wasan Sutra na 2008 da aka fara a gidan wasa na Sadler's Wells a Landan. Sidi Larbi Cherkaoui ya tsara rawar da 'yan zuhudun Shaolin na ƙasar Sin, mai sassaƙa Antony Gormley kuma abin da ya kawo akwatunan katako ne 21 masu tsayin mutum, ba fenti ba komai. Amma da su aka yi wasan gaba ɗaya, a tsayar da su su zama katanga, a kwantar su zama gado ko makara, a jera a ture su faɗi ɗaya bayan ɗaya. Cire akwatunan ka ga ko akwai sauran wasa. Haka a 1979 da mai tsara rawa Lucinda Childs ta nemi mai zane Sol LeWitt su yi aiki a kan kiɗan Philip Glass, bai yi mata labulen ado ba, fim ya ɗauka na masu rawan suna wannan rawar, baƙi da fari, aka haska shi a wani siririn yadi a gaban dandamali, sai mai kallo ya ga mutum na gaske a baya da hotonsa ƙato a gaba suna taku ɗaya. Shi kuwa mai zane Andy Warhol a wasan RainForest na Cunningham a 1968 abin da ya kawo matasan kai ne masu ruwan azurfa cike da iskar da ke sa su tashi, suna yawo yadda suka ga dama, masu rawa na ratsa su.

Ba sai da kuɗi mai yawa ba. Rauschenberg a wasan Story na 1963 duk garin da suka je abin da ya tsinta a bayan ɗakin wasan da kan titi da shi yake haɗa dandamalin ranar. Tabarmar kaba, ƙwarya, buhu, jarka, turmi, yadin da aka rina a karofi, duk kaya ne in mai zanen yana da ido.

Sharaɗin dai ɗaya ne, a kawo samfuri tun satin farko ko na biyu, ko da na kwali ne, mai girma da nauyi kusa da na gasken. Ɗan rawa ba zai koyi ɗaukar abu da baki ba.

5. Makaɗi ya ga jiki, ɗan rawa ya ji numfashin kiɗa

A gwajin farko kar a ce a yi wasa. Ka sa ɗan rawa ɗaya ya yi motsi na minti biyu shiru, makaɗi ya kalla kawai. A maimaita, ya shigo. A sake maimaitawa, wannan karon ka ce masa ya saɓa, in rawar ta yi sauri shi ya ja a hankali, in ta tsaya shi ya ci gaba. Sau da yawa na ukun nan ne yake ba da abin da za ku riƙe, saboda in kiɗa da rawa suna faɗin magana ɗaya a lokaci ɗaya kullum, ɗaya daga cikinsu ya zama banza.

Ku yarda da yaren da za ku riƙa magana da shi. Masu rawa da yawa suna ƙirga takwas-takwas, mai gurmi ko kukuma ko kalangu kuma ba haka yake ji ba, shi zagayen kiɗa yake ji da inda ake sauka. Kar ka tilasta masa ƙirgarka. Ku sa alamomi da ido ke gani, "in ta ɗaga hannun hagu ka yanke", "in ka yi wannan karin sau uku mu faɗi ƙasa". Kuma a bar wa shiru wurinsa, ƙarar tafin ƙafa da haki da kacau-kacau ɗin abin da aka ɗaura a ƙafa irin na 'yan koroso, duk kiɗa ne.

In kiɗan na situdiyo ne ba kai tsaye ba, ku sa ranar da za a kulle shi. Bayan ranar ba a ƙara sakan ko ɗaya. Furodusa ya ce ya "ɗan gyara" ya ƙara sakan takwas a tsakiya ana gobe wasa, ya rusa muku aikin wata guda bai sani ba.

6. Ku ɗauki komai a waya

A kafa waya a kusurwa ɗaya kullum, a ɗauki gwaji, a tura wa kowa a WhatsApp da daddare. Abin da ya fito da kyau ba shiri in ba a ɗauka ba gobe babu mai tuna shi.

7. Sutura da fitila, a gwada da gumi

Kaya a jikin mutum yana tsaye daban, yana rawa daban. Shadda mai sitati tana ƙara kuma tana riƙe hannu, wanda zai iya zama abin so in da gangan ne. Yadin da aka rina da baba in ba a wanke shi sosai ba yana zuba a fata da zarar gumi ya keto. A saka kayan a yi wasan daga farko har ƙarshe aƙalla sau biyu kafin ranar.

In akwai majigi, ku sani fitilar dandamali mai ƙarfi tana kashe hoton, sai a haska masu rawa daga gefe a bar yadin cikin duhu. Launin da mai zane ya zaɓa da rana a shagonsa kuma zai canza a ƙarƙashin jar fitila ko shuɗiya, don haka dole ya zo gwajin fitilu da kansa ya zauna inda 'yan kallo za su zauna. Janareta a ajiye shi nesa da doguwar waya, in ba haka ba duk shirun da kuka tsara ya tafi. Ku kuma shirya me za ku yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, wanda yake da makaɗi a zaune da ganga a hannu dai ya fi mai filashi kwanciyar hankali.

8. Maganar kuɗi da suna, tun ana dariya

Ku rubuta, ko a shafi ɗaya ne, kowa ya sa hannu. Nawa kowa zai samu, wa ke biyan katako da fenti da tela, makaɗi zai iya sakin kiɗan a matsayin nasa daga baya ko sai da izini, in an gayyaci wasan wani gari kuma mai zane ba zai je ba yana da kaso ko babu. A fosta sunayen uku su fito da girma ɗaya. Mutane suna jin kunyar wannan zancen musamman in abokai ne, sai wasan ya karɓu an fara kira daga Abuja ko Legas sannan a fara "ai ni na kawo shawarar".

Legas ɗin ma akwai abin koyi, Qudus Onikeku ya buɗe QDance Center a 2014 kuma wasanninsa da makaɗa a kan dandamali ake yinsu, a 2017 ma yana cikin mutum uku da suka wakilci Najeriya a baje kolin zane na Venice tare da Peju Alatise da Victor Ehikhamenor, mai rawa a tsakiyar masu zane. Ku nemi bidiyon ayyukansa ku kalla ku uku tare.

Sannan ku tambayi dokar garinku kafin ku buga fosta. A Kano misali akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i, gara ku je ku ji me ake buƙata da wuri, da wurin da za a yi da irin suturar da kuma ko maza da mata za su hau tare.

9. Ku nuna wa mutum goma kafin ku nuna wa ɗari

Saura sati biyu ku kira mutane kaɗan, a ciki har da wanda bai taɓa kallon irin wannan rawar ba. Kar ku tambaye su "ya yi kyau?", kowa zai ce ya yi. Ku tambaya me suka gani, a ina hankalinsu ya tafi wani wuri, me suka tuna. In duk sun tuna akwati ba wanda ya tuna rawar, to a rage akwati ko a ƙara wa rawar nauyi. A nan za a yanke abubuwa, kuma kowa cikin ukun sai ya rasa wani abu da yake so, mai tsara rawa ya fara yanke nasa don sauran su ga ba son kai ba ne.

Bayan wasa kuma kar kowa ya watse a bar kayan dandamali a bayan ɗaki ruwa ya dake su. Tun a takardar nan ta mataki na 8 a rubuta wa zai ajiye su, a ina, kuma in mai zane yana so ya sayar da su a matsayin aikinsa sai bayan wata nawa, don in aka sake kiranku bayan wata shida ba za ku fara neman kafinta daga farko ba.