Shawara ga masu zuwa wasan kiɗan zanga-zanga

'Yan'uwa, ku tsai da wurin haɗuwa da lokaci tun kafin ku shiga fili, kada ku dogara da waya.

Idan dubban mutane suka taru wuri guda, layin sadarwa yakan cushe, ga kuma ƙarar jita da ganguna da ba ta bari a ji magana. Ku tuna Chemnitz ta Jamus a Satumban 2018, inda kimanin mutum 65,000 suka halarci wasan da Kraftklub da wasu mawaƙa suka yi don adawa da ƙyamar baƙi.

Ku rubuta lambar abokin tafiya a takarda, ku sa a aljihu.

Dabarar takan rushe idan 'yan sanda suka tare hanya, saboda haka ku zaɓi wuri na biyu nesa da taron.